Garken da Ama Yangzom Ta 'Yanta

A duk kwarin Lungkar babu wanda ya kai Ama Yangzom zagin kwarin Lungkar. A nan aka haife ta, cikin tanti a makiyayar damina can saman dutse, a nan ta yi aure, a nan ta rasa miji, amma tun tana budurwa in ta buɗe baki da safe da zagin wurin take karya kumallo. Sanyi ya faffasa mata dunduniya. Iska ta cika mata shayi da ƙasa. Marmaron da take ɗiban ruwa, a cewarta, da gangan ya ɓullo can ƙasan gangare don ya ga bayan gwiwoyinta. Babban dutsen da ke tsaye a kan ƙauye, wanda kowane gida ke ƙona wa turare da sassafe, ita ma ba ta taɓa fashi ba, sai dai tana ƙonawa tana yi masa gori.

"Ga naka nan, tsoho," takan ce tana tura ganye cikin wuta. "Kai kullum hannunka a miƙe. Ƙanƙarar da ka aiko bara ta kwantar min da sha'ir, kada ka ɗauka na manta."

Mu da muka tashi muka same ta a haka mun daina jin abin, kamar yadda mai gida a bakin kogi ba ya jin ƙarar ruwa. Kuma kowa na da ido. Matar nan ba ta taɓa sayen wuta ba, don wutar gidanta daga bayan shanunta take fitowa. Shanun yak ne, masu gashi har ƙasa, kuma kashinsu ita ke bi ta kwashe, ta manna a bango da tafin hannu, in ya bushe ta jera shi tsaf har ya fi ta tsawo. Matan ƙauye kan turo amare su zo su ga yadda ake jeri. Man da ke cikin shayinta nasu ne, bargon da take rufa da shi gashinsu ne. In ciki ya murɗa ta san saiwar da za ta haƙo a gefen kwazazzabo. In bazara ta yi takan hau sama da sauran jama'a neman wata tsutsa mai tsiro da ake haƙowa a ƙasa, wadda 'yan kasuwa ke rububi don magani, tana rarrafe da ciki tana tsine wa wanda ya fara gano abin, amma ba ta taɓa barin rami a buɗe ba, sai ta mayar da ƙasar ta danne da hannu. Duk wannan bai hana ta kammala kowace hira da magana ɗaya ba:

"Ni dai in na samu wanda zai kai ni birni in miƙe ƙafa, ko waiwaye ba zan yi ba."

Mutum ɗaya ne a duniya ya ɗauki maganar da gaske, shi ne ɗanta Wangdrak. Tun yana goye a bayanta yake jin ta, ga shi yaro ne mai riƙe abu a zuci. Ya girma ya zama direban babbar mota, ya yi shekaru yana cin garin sha'ir busasshe a bakin hanya, har ya samu gida a birnin gunduma, a hawa na sama, mai famfo a ciki. Ranar da ya zo ya gaya mata, fuskarsa kamar ta yaron da ya tsinci ƙwai bai fasa ba. Me za ta ce? Ta ce madalla. Ta bar shanu a hannun maƙwabcinta Aku Gyaltsen, ta bi ɗanta ta yi sanyin shekarar a can.

Ba wanda ya ɓata mata. Surukarta Lhakyi yarinya ce mai kirki har ya yi yawa, ko kofi ba ta bari ta ɗauraye. Ɗaki da ɗumi dare da rana, ɗumin kuwa daga wani farin ƙarfe yake fitowa a jikin bango, wanda ba ya cin komai, ba ya neman kowa ya tashi ya kula da shi. Ama Yangzom takan farka lokacin tatsa, ta zauna a bakin gado, yatsunta suna motsi su kaɗai. Ruwan famfo ta sha shi dai don dole, amma ta ji kunyar zuba shi a 'yan kwanonin ibada da ake cikawa da ruwa kowace safiya, ruwan da bai taɓa ganin rana ba. Babu mai leƙowa aron garwashi, balle a tsaya a ɗan taɓa gulma. Gwiwoyin da marmaro ya yi shekaru yana neman bayansu bai samu ba, kujera mai laushi ta kumbura su cikin wata guda.

Wata rana a hanyar kasuwa ta ga kashin saniya, sabo, lafiyayye, an bar shi a tsakiyar titi kamar ba shi da amfani. Kafin ta yi tunani har ta naɗe shi a leda. Ta kai gida ta manna a bangon baranda inda rana ke bugawa. Lhakyi ta gani, ta koma ciki ta ɗora shayi.

Abin da ya fi komai cin ta shi ne babu abin zagi. Wa za ta zaga, famfo? Sai ta yi shiru, shirun da ba a taɓa jin ta yi ba. Wangdrak kuwa ya dubi shirun nan ya ji daɗi har cikin ransa. Ta ji shi yana gaya wa wani abokinsa a waya: "Ama ta samu hutu, ko mita ta daina."

Da bazara ta yi, lokacin haihuwar shanu, ya mayar da ita Lungkar. A bakin ƙofa ya ce mata, "Wannan ce daminarki ta ƙarshe a wahala, Ama. In kaka ta yi sun yi ƙiba, zan zo da mai saye, mu sallama garken, mu rufe gidan, shi ke nan."

Ta ce to. Baki shi ke yanka wuya. Shekara da shekaru tana roƙon abu a gaban shaidu, yanzu an kawo mata shi a faranti, kuma wanda ya kawo ɗin da ƙashin bayansa ya saye shi. Ta san in ta koma ɗakin nan mai ɗumi ba za ta daɗe ba. Ta kuma san ba za ta iya duban idon yaron nan ta ce masa wahalarsa ta banza ce ba. Tsakanin waɗannan biyun ta yi kwanaki tana kai da komowa, har abinci ya fita ranta.

Mafita ta zo mata ta inda ba ta nema ba. Jikarta ta kwanta da zazzaɓi a birni, aka bugo waya. A wurinmu in rai ya shiga haɗari akan fanshe shi da rai: a zaɓi dabba daga garke, a shafa mata man shanu a goshi da ƙaho, a huda kunnenta a zura jan zaren ulu, a ambaci sunan wanda ake nema wa tsawon kwana. Daga ranar ta zama 'yantacciya. A kwarinmu ana iya tatsarta, amma ba a yanka ta, ba a sayar da ita, sai dai tsufa ya ɗauke ta. Ama Yangzom ta kira Aku Gyaltsen ya riƙe mata ƙaho, ta 'yanta wata karsana da zuciya ɗaya, tana hawaye. Yarinya ta warke.

A hanyar dawowa daga marmaro ne, da tulu a baya, ta tsaya cak a tsakiyar gangare. Ba a sayar da ita. Ta sake nanata maganar a ranta. Ta juya ta dubi garken da ke kiwo a gefen dutse, ta dubi dutsen, ta ce masa, "Kai dai ka yi shiru."

Ba a yi mako ba ta sake aika wa Aku Gyaltsen.

Shi Aku Gyaltsen tare suka yi kiwo tun suna yara, haƙoransa sun ƙare amma bakin yana nan. Ya zo yana jan ƙafa, carbi a hannu.

"Wa kuma ba shi da lafiya?"

"Wangdrak. Tayar motarsa ta fashe a hanya."

"Ya ji ciwo?"

"Da ya ji fa? Riƙe min ƙahon nan."

Bayan taya sai mafarki: ta ga Lhakyi tana tsallaka kogi. Bayan mafarki sai jarrabawar babban jikanta. Sai tarin wata ƙanwarta da ke aure a kwarin gaba, wadda rabonsu da magana tun rabon gadon tukunya. Jan ulu ya ƙare a gidan, ta warware bakin tsohuwar ɗamararta. Har limamin gidan sufaye, da labari ya kai masa, ya ce shi bai taɓa ganin tausayi ya kama mutum farat ɗaya haka ba, amma ba a hana mai alheri yin alheri.

"Yangzom," in ji Aku Gyaltsen wata safiya, yana fama da wani bijimi mai taurin wuya, "wannan na wane ne?"

"Naka ne."

"Nawa? Lafiyata ƙalau!"

"Ka dubi fuskarka a ruwa kuwa? Ni ban ga alamar za ka kai baɗi ba."

"To na gode. Amma ki gaya min, in sanyi ya zo, kowa ya rataye namansa a rumbu, ke me za ki ci? Zaren?"

"Wanda ya tambaye ka."

"Ba da ni kike wasan nan ba, tsohuwa. Ki kira yaron nan ki gaya masa gaskiya. Ki ce kina son wurin."

"Wane wurin? Wannan kangon? Na rantse da dutsen nan, in ka sake faɗa sai na kwance zarenka."

Bai sake faɗa ba, amma duk ƙauye an gane. In ta wuce mata kan kama kunnen 'ya'yansu su ce a ɓoye su, kada Ama Yangzom ta 'yanta su.

Kafin ciyawa ta yi ja, duk garken na yawo da zare a kunne in ban da saniya guda. Ja'ira ake kiranta, kuma ita ta sa mata sunan. Baƙa ce mai fari a goshi, ta ƙware wajen jira sai ƙwarya ta cika sannan ta sa ƙafa. Ama Yangzom ta daɗe da yanke hukuncin cewa uwar mijinta ce ta dawo a wannan siffa, don kallon iri ɗaya ne. Ta bar ta ne saboda dalili biyu. Na farko, kada ɗanta ya koma da mota wayam a gaban baƙo. Na biyun kuwa, ta ga dama.

Suka iso da hantsi, ranar da aka wayi gari da farin raɓa a kan ciyawa. Wangdrak ne da tsoho Ma, Musulmin nan mai farar hula da ya yi shekaru yana sayen shanu a kwaruruwanmu, wanda ya san al'adunmu fiye da wasu 'ya'yanmu. Ta ba su shayi, ta cika musu kwano da garin sha'ir da cuku, ta yi ta jan hira kan hanya da farashin gishiri. Tsoro take ji, irin wanda ba ta ji ba ko shekarar da kerkeci ya shigo mata garke.

Daga ƙarshe dai aka fita. Tsoho Ma ya shiga cikin shanu yana taɓa gadon baya yana gyaɗa kai, don sun yi kyau. Ya ɗaga gashin kunnen ta farko, ya ga ja, ya saki da ladabi ya wuce. Ta biyu ma haka. Da ya kai tsakiyar garke ya daina taɓa baya, kunne kawai yake dubawa. Sai ya tsaya ya cire hula ya sosa kai.

"Wangdrak, garke ka kawo ni saye ko gidan sufaye? Wallahi duk waɗannan sun fi ni tsarki."

Aku Gyaltsen, da ya zo wai aron igiya, tari ya sarƙe shi a bayan katanga.

Wangdrak bai yi dariya ba. Ya bi shanun da kansa yana ɗaga kunne, sannan ya dawo ya tsaya a gabanta.

"Ama, mene ne wannan?"

"Shekarar ce ta zo da fitina iri-iri."

"Wannan ta wace ce?"

"Ta 'yarka, da ta yi zazzaɓi."

"Na sani. Waccan fa?"

"Taka. Taya."

"Taya," ya maimaita. "Waccan mai karyayyen ƙaho?"

Ta faɗa masa. Ya yi ta nunawa tana ambata, Lhakyi, yara, ƙanwarta, Aku Gyaltsen, mijin ƙanwar, har da ungozomar da ta karɓi haihuwarsa. Tun muryarta na da ƙarfi har ta koma ƙasa-ƙasa. Da suka ƙare ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Ranta ya ɓaci da ganinsa haka, don ba fushi ta gani a fuskarsa ba. Fuskar yaro ce wanda ya yi wa uwarsa kyauta ya tarar ta ɓoye ta a bayan tukunya.

"Da kin gaya min," ya ce.

"In gaya maka me?"

"Tun ina bayanki kike cewa a kai ki birni."

"To ai magana ce! Kowa ya san magana ce. Kai kaɗai ne uwarka za ta ce dutse ya faɗo mata a kai, ka tafi neman dutse." Ta ja bakin zanenta ta goge hanci. "Gidanka ba abin da ya rasa, ɗana. Ni ce ban san abin da zan yi da hannuna a cikinsa ba."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Tsoho Ma, mutum ne da ya san lokacin da ciniki ke ceton mutane daga kallon juna, ya yi gyaran murya ya ce ga baƙar can mai farin goshi, kunnenta fes. Ya miƙo hannu. Wangdrak ya zura nasa cikin dogon hannun rigar tsohon, yadda ake ciniki a wurinmu, suka shiga latsa yatsun juna a ɓoye suna taya farashi. Ama Yangzom ta dubi Ja'ira. Ja'ira ta dube ta da kallon nan na uwar miji, tana tuƙa. Ta yi zaton ranar da za a tura dabbar nan cikin mota za ta dafa shayi mai mai biyu. Sai ga shi ta kasa kallon cinikin, ta kawar da kai.

Wangdrak ya zare hannunsa.

"Yi haƙuri, Baba Ma. Na ɗauko ka a banza. Man motar a wuyana, kuma zan kai ka kwarin gaba."

"Ni na sha shayi," in ji tsohon. "Ban yi asara ba."

Wangdrak ya juya wurin uwarsa. "Akwai sauran zaren?"

Ta ce babu, ya ƙare. Ya tsuguna ya kama bakin ɗamararta inda ta riga ta warware, ya ja sili guda ya tsinke da haƙori. Ya shiga ɗaki ya fito da man shanu a yatsa. Aku Gyaltsen ya fito daga bayan katanga ba tare da an kira shi ba, ya rungumi ƙahon Ja'ira yana faɗin shi kam wannan aikin ya zame masa sana'a.

"Ta wa za ka yi?" ta tambaya. "Ai kowa ya samu."

"Na ji lissafinki, Ama. Har ungozoma ta samu."

Hannun direba ne, ya manta aikin. Ya shafa man a karkace, allura ta zame masa, Ja'ira ta samu sarari ta ɗora masa kofato a kan ƙafa ta bar shi a nan. Bai janye ba. Ya zura zaren, ya ɗaga kai wajen dutsen, ya ɗaga murya yadda har matan da ke leƙe ta kan katanga suka ji:

"Wannan ta Yangzom ce, uwata. A bar min ita a nan ta daɗe."

Ama Yangzom ta buɗe baki don ta ce wani abu game da dutsen, ko sanyin, ko sakarcin 'ya'yan zamani, ta laluba ko'ina ba ta samu ba. Ta matso ta ture hannunsa daga kunnen saniyar.

"Kauce," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Haka ake ƙulli? Wannan ai kafin sanyi ya kwance."

Ta kwance shi ta sake ɗaurewa da kanta, ta ja shi tamau.